Baƙo a Gidan da Ya Cika: Tarken Faifan "Score" na Dream Theater

Wannan takarda za ta dubi faifan da ƙungiyar makaɗan Dream Theater ta Amurka ta naɗa a gaban 'yan kallo ranar 1 ga Afrilu, 2006, a zauren Radio City Music Hall da ke birnin Niyok. An shirya wasan ne don bikin cikar ƙungiyar shekara 20, domin a 1985 John Petrucci mai jita da John Myung mai jitar bas da Mike Portnoy mai ganguna suka kafa ta, suna ɗalibai a kwalejin kiɗa ta Berklee a Boston. Sunan faifan kansa abin lura ne ga mai nazarin harshe: a Ingilishi kalmar "score" tana nufin ashirin, tana kuma nufin takardar da ake rubuta kiɗa a kanta.

Kiɗansu reshe ne na metal, wato kiɗan jitar lantarki mai kauri da ƙara. Abin da ya bambanta wannan reshe shi ne tsawon waƙa da yawan sauya rauji, har mai sauraro yakan rasa inda zai tafa. A rabi na biyu na wasan sun gayyato okestira, wato rukunin masu goge da masu busa irin na Turai, ƙarƙashin jagorancin Jamshied Sharifi. Ba su suka fara wannan gami ba. Deep Purple sun yi a Landan a 1969, Metallica ma sun yi a Berkeley a 1999. Saboda haka tambayar mai tarke ba ita ce ko abin sabo ne ba. Tambayar ita ce: wane aiki okestirar ta yi wanda mutum biyar ɗin nan ba za su iya yi su kaɗai ba?

Kafin a amsa, a dubi zubi da tsarin wasan, domin nan ne aka fi nuna tunani. Bayan waƙoƙi biyu daga faifansu na 2005, sai suka koma farkon tarihinsu da "Another Won" ta 1985, suka biyo shekaru daki-daki ta kan "Afterlife" da "Under a Glass Moon" har zuwa "The Spirit Carries On" ta 1999. Duk wannan ba okestira. A ganina hikima ce, domin kunne ya riga ya saba da amon ƙungiyar ita kaɗai, yana da ma'aunin da zai auna baƙuwar da shi idan ta shigo.

Ta shigo ne da "Six Degrees of Inner Turbulence", waƙa mai kashi takwas da ta haura minti 40, wadda jigonta shi ne halin mutum shida masu fama da taɓin hankali iri daban-daban. A faifan asali na 2002, Jordan Rudess ne ya kwaikwayi amon okestira da fiyanonsa na lantarki a mabuɗin waƙar. A nan kuwa sai aka bar wa masu goge da masu busa mabuɗin. Ba za a ce sun yi shi ba tangarɗa ba. Akwai wuraren da gogen ba su daidaita da juna ba, kuma amon ya fi na na'ura siranta. Duk da haka na fi son wannan. Ana jin numfashin masu busa, ana jin mutane ne ke ƙoƙarin haɗa kai, kuma waƙar da ke magana a kan raunin ɗan Adam ba ta yi asara ba don an ji rauni a bakin ƙofarta.

Matsalar tana farawa ne da zarar ƙungiyar ta shigo. A "War Inside My Head" da "The Test That Stumped Them All", jita da ganguna sun cika ko'ina, ba su bar masakar tsinke ba. Wanda ya kalli hoton bidiyon zai ga hannayen masu goge suna kai da komowa, amma in ya rufe ido da ƙyar zai ce suna nan. Dalilin a fili yake. Waɗannan sassa an tsara su tun asali ba tare da gurbin kowa ba, kuma abin da okestira za ta ƙara, Rudess yana yin sa da yatsunsa a daidai wannan lokaci. Ke nan an kira baƙo, an kuwa bar mai gida zaune a kan tabarmar da aka shimfiɗa masa. Haka abin yake a "Metropolis" ta 1992 da aka rufe taro da ita: an kaɗa ta da ƙwarewa, amma okestirar ado ce kawai.

Sai a kwatanta da "Vacant", 'yar gajeruwar waƙa ta 2003 wadda ba ta kai minti uku ba, ba ta kuma da ganguna. Tun asali da babban gogen nan da ake kira celo aka yi ta. A nan muryar James LaBrie ta sami abin jingina, gogen na ɗaukar ta suna sauke ta a hankali. Ya kamata a tuna cewa wannan mawaƙi ya ji rauni a maƙogwaro a 1994 sakamakon gurɓataccen abinci, ya ɗauki shekaru kafin muryarsa ta dawo. A wannan dare ta dawo sosai, kuma a wurare masu sanyi irin wannan aka fi gane haka, ba a wuraren ihu ba.

Waƙar da ta fi nauyi a zauren ita ce "Sacrificed Sons", wadda ke magana a kan harin 11 ga Satumba, 2001. A birnin da abin ya faru ake rera ta, shekara biyar ba su cika ba, gaban mutanen da da yawansu 'yan garin ne. Ƙungiyar ma tana da nata tabon: wani faifanta ya fito a ainihin ranar harin, da hoton birnin cikin harshen wuta a bangonsa, dole aka janye shi aka sauya hoton. Waƙa irin wannan tana iya zamewa ta koma neman tausayi da ƙarfi da yaji. Abin da ya tsare ta shi ne, da okestira aka naɗe ta tun a 2005, don haka gogen suna da layinsu na kansu, ba maimaita jita suke yi ba. Suna yin abin da 'yan amshi na ƙwarai ke yi, wato su karɓi magana su ƙarasa ta.

"Octavarium" ita ce ƙololuwa, kuma ita ma da gurbin okestira aka gina ta. Tsawonta a faifan asali minti 24 ne, a nan ta ɗara haka, saboda Rudess ya ja mabuɗin shi kaɗai. Ina ganin ya ja shi fiye da kima, ko da yake masoyansa ba za su yarda ba. Daga nan sarewa ta karɓa, waƙar ta riƙa hawa mataki-mataki har inda LaBrie ya ƙure muryarsa. Sai komai ya buɗe, masu busa da masu goge suka ɗauki karin da aka ji tun farko, jitar Petrucci tana tafiya a kansu ba gaggawa. A waɗannan mintoci na ƙarshe, in aka cire okestirar, ginin zai rushe. Ɗalibi ya saurari wannan wuri, sa'an nan ya koma kan "War Inside My Head", ya rubuta abin da kunnensa ya ji gogen suna yi a kowanne.