A Bar Tsohuwa da Abincin da Ta Saba

Sandar ƙarfen da maƙwabcina ya ajiye min a kan tebur tsawonta ya haura kamu ɗaya, kuma wanda bai san ta ba zai ce lafiyarta ƙalau, domin da ma da 'yar lanƙwasarta aka ƙera ta. Dattijo ne, ya ba saba'in baya, kuma tun kafin in zo wannan ƙaramin gari na jihar Ohio yake ɗura harsasansa da hannu a cikin garejinsa. Bai tsaya yi min dogon bayani ba. Ya mayar da sandar jikin bindigar ba tare da sifirin ba, ya ɗaga bakinta sama a karkace. Lafiyayyar sanda, in ji shi, nauyinta kaɗai ya isa ya zamo da ita baya har ta ja sakata. Wannan kuwa ta taho rabi, ta cije. Bindigar ta wani matashi ce da ya gaje ta wurin kakansa, ya ɗura mata harsasan farautar manyan namun daji, ya je fili ya yi ta harbi har ta fara gardama.

Bindigar M1 Garand ce, kuma a kanta nake so in faɗi ra'ayina game da wani yayi da nake gani yana yaɗuwa tsakanin masu ɗurin harsashi a Amurka.

Wanda ya ƙera ta, John Garand, haifaffen Kwibek ne a Kanada, ya yi aikinsa a masana'antar makamai ta gwamnati da ke Springfield a jihar Massachusetts. Sojan Amurka ya karɓe ta a 1936, aka yi yaƙin duniya na biyu da yaƙin Koriya da ita, sai a 1957 M14 ta gaje ta. An ƙera sama da miliyan 5. Har kamfanin International Harvester, wanda aka sani da taraktocin noma, sai da ya ƙera nasa kason. Harsashi takwas take ɗauka a cikin wani maƙali na ƙarfe, wanda ke tsalle waje da ƙara kamar an jefar da cokali a siminti da zarar na takwas ya fita. Da farko ma da ƙaramin harsashi aka tsara ta, mai suna .276 Pedersen, sai Janar Douglas MacArthur ya ce a'a a 1932, saboda rumbunan soja cike suke da harsashin .30-06, ba za a zubar da su ba.

Abin da ya sa ta bambanta da bindigar maharbi mai sakatar hannu shi ne da hayaƙinta take yi wa kanta hidima. Kusa da bakin bututu akwai wata 'yar ƙaramar huda. Idan harsashi ya wuce ta, wani ɓangare na hayaƙin da ke tura shi sai ya bi ta hudar, ya daki kan waccan doguwar sanda, ita kuma ta ja sakata baya, ta tofar da kwanson da aka harba, sifirin ya dawo da ita da sabon harsashi. Duk wannan cikin ƙiftawar ido. To, ƙarfin dukan da sandar ke sha ya danganta ne da yawan matsin hayaƙin da ya rage a lokacin da harsashi ya iso hudar, ba matsin da aka samu a gindin bututu ba. Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Garin albarushi iri-iri ne, wani na cin wuta da sauri, wani a hankali. Mai ci a hankali, wanda ake so don tura harsashi mai nauyi zuwa nesa, yana nan da sauran ƙarfinsa har bakin bututu. Bututun ba zai ji komai ba, sakatar ma ta daure, amma sandar da aka yi wa lissafin wani ɗan duka daban sai ta riƙa shan mari fiye da ƙima. Harsashin da sojoji suka fi harbawa da ita, M2, kansa bai cika giram 10 ba, gudunsa kusan mita 850 a daƙiƙa, kuma da albarushi mai matsakaicin ci ake ɗura shi, irin IMR 4895.

Shekaru da yawa babu wanda ya damu da wannan lissafi, domin ragowar harsasan soja sun yi arha kamar ƙasa. Ita kanta sana'ar ɗurin gida a Amurka da ragowar yaƙi ta yi ƙiba: a 1947 wani mutumin jihar Kansas, Bruce Hodgdon, ya sayi tarin albarushin 4895 da gwamnati ba ta da sauran buƙata, ya riƙa sayarwa kaɗan-kaɗan, kuma kamfanin da ke ɗauke da sunansa yana nan har yau. Daga baya hukumar CMP, wadda doka ta ba ikon sayar wa farar hula tsofaffin bindigogin soja daga cibiyoyinta na Anniston a Alabama da Camp Perry a nan Ohio, ta yi shekaru tana sayar da harsasan ƙasar Girka masu tambarin HXP a gwangwani-gwangwani. Dattijon nan yana da gwangwanayen har yanzu, sai dai kwanso ne zalla a ciki, wanda ya wanke ya jera. Wannan rijiya ta kusa ƙafewa. Bindigogin kuwa ba su ƙare ba, a 2018 ma wasu dubbai sun dawo daga Filifins suka shiga hannun CMP. Ga tsofaffi birjik, abincinsu na asali ya yi wuya, dole mai so ya koyi girki.

Har nan ba ni da ta cewa, hasali ma abin ya burge ni. Inda na rabu da 'yan yayi shi ne abin da suke nema a girkin. Na'urar auna gudun harsashi, wadda a da sai mai hali, yanzu ta koma 'yar ƙarama kamar akwatin ashana babba, kowa na da ita a jaka. Da zarar mutum ya ga lamba a allo, zuciyarsa sai ta raya masa ya ƙara. A YouTube za ka ga saurayi ya ɗora bindigar 1943 a kan benci yana murna don ya matso ƙarin mita talatin a daƙiƙa, ko ya sa ta tura kan harsashi mai nauyin da ba a taɓa ba ta ba a aikin soja. In ka ce masa sandar fa, sai ya nuna maka wani toshe na zamani da ya ɗaura a bakin bututun hayaƙi, mai rage matsi, ya ce ai an gama da wannan matsala.

Gaskiya toshen yana aiki. Ba ya ɓata komai, ana kwance shi a mayar da na asali cikin minti ɗaya, kuma ga wanda ba ya ɗuri, kanti kaɗai ya dogara da shi, hikima ce ya saka. Akwai ma masu cewa tsoron lanƙwasar sanda an zuzuta shi, cewa yawancin sandunan da suka lalace rashin giris ne da gajiyayyen sifirin suka kashe su. Suna da hujja, domin Garand giris take so ba mai ba, kuma na ga bindigogin da aka bari a bushe kamar ƙashi. Amma ai wannan hujja tawa ce. Idan ƙarfe ya shekara tamanin, ya ratsa hannun sojojin ƙasa biyu ko uku, ba ka san wahalar da ya sha ba, to kai da ke riƙe da sikeli me zai kai ka ka ƙara masa kaya? Ita CMP da kanta ta ja kunnen masu waɗannan bindigogi kan harsasai masu nauyi da matsi fiye da na soja. Kamfanonin Federal da Hornady sun fitar da harsasai na musamman da sunan Garand a jikin kwali, kuma abin da suka yi ragewa ne, ba ƙari ba. Mai ɗurin gida yana da damar da mai sayen kanti ba shi da ita, wato ya auna wa bindiga daidai cikinta. Ya bar wannan dama ya koma sauya bindigar don ta haɗiye abin da ya ga dama, ni a ganina an juya al'amarin, an yanke ƙafa don ta shiga takalmi. Wanda ke son harbin nesa da harsashi mai nauyi, kasuwa cike take da sababbin bindigogi masu sakatar hannu da aka yi don haka, kuma ba su kai rabin kuɗin Garand mai kyau ba.

Lanƙwasar sanda ma asarar kuɗi ce kawai. Akwai abin da ya fi ta, wanda 'yan neman gudu ba su cika magana a kai ba saboda ba ya fitowa a allon na'ura. Allurar da ke bugun ƙyastun gindin harsashi a Garand sake take, babu sifirin da ke riƙe ta baya. Duk sanda sakata ta rufo da ƙarfi, allurar kan zame ta ɗan taɓa ƙyastun. Dattijon ya nuna min: ya fitar da harsashin da ya shiga makwanci amma ba a harba ba, ga wani ɗan tabo kamar cizon sauro a tsakiyar gindinsa. Ƙyastun soja mai tauri ne, wannan taɓawar ba ta dame shi. Amma idan mai ɗuri ya yi amfani da mai laushi, ko ya bar shi ya ɗan turo waje bai zauna sosai ba, ko bai matse kwanson ya koma girmansa na asali ba har ya cije a hanya, bindiga na iya tashi ba a taɓa kunama ba, wani lokaci tun sakata ba ta gama kullewa ba. Fuskar mai harbi kuwa tana nan dab da wurin. Shi ya sa yake shafa gindin kowane harsashi da ɗan yatsa, ɗaya bayan ɗaya, ko da ɗari biyu ne, kuma kwanson da Garand ta tofar sau huɗu ko biyar ba ya ƙara ba shi amana, domin bindiga mai sarrafa kanta fizgar kwanso take yi tun yana da zafi, tana miƙar da shi. Wannan aiki ba shi da daɗin kallo a bidiyo, babu wanda zai tsaya ya ga tsoho yana shafa tagulla.

Masu sauran tsofaffin bindigogin sun fi shan wuya. Hakim ta Masar, wadda aka kwaikwayo daga Ljungman ta Suwidin, masu ƙera ta sun sa mata abin daidaita hayaƙi tun daga masana'anta, saboda sun san harsasan 8 milimita da za ta ci ba iri ɗaya ba ne. Wanda ya buɗe shi da yawa zai ga tana wurgi da kwanso kamar mai jifan tsuntsu, tana tsinka masa baki. Ragowar harsasan Turai kuma yawancinsu da ƙyastun Berdan aka yi su, mai wahalar cirewa, ga gishirin da tsohon ƙyastu ke bari a bututu, wanda in ba a wanke da ruwa a ranar ba tsatsa ta kama kafin gari ya waye. Abin dariya, Hiram Berdan Ba'amurke ne amma Turai ta rungumi nasa, Edward Boxer ɗan Ingila ne kuma nasa Amurka ke amfani da shi.

Ni da na tashi ina ganin maharba na ɗura bindigar toka ta baki, kuma na ga 'yan bindigar sarki na cika gari da hayaƙi ranar hawan sallah, wannan magana ba baƙuwa ba ce a kunnena. Kowane tsohon maharbi ya san wani da ya rasa yatsu saboda ya ce bari ya ƙara gari don ƙarar ta fi ta abokinsa. Bambancin kawai, a Najeriya haɗa harsashi irin wannan ba tare da izinin hukuma ba laifi ne babba, a Ohio kuwa abin sha'awa ne na 'yan fansho, da littattafan awo da kamfanoni ke bugawa bayan gwaji, waɗanda mai hankali ba ya tsallake iyakarsu.

Littafin dattijon na kansa ya fi ba ni sha'awa. Tsohon littafin rubutu ne na 'yan makaranta, gefensa ya yi baƙi da giris, kuma shafin Garand layi ɗaya ne tak da bai sauya ba tun 1988. Da wannan ɗurin yake zuwa gasar John C. Garand da ake yi a Camp Perry, inda ake harbi daga yadi 200 da bindiga yadda soja ya karɓe ta, babu madubin hange. A wannan tazara ƙarin gudu ba ya ƙara wa kowa maki, ido ne da numfashi da yadda ka ɗaura maɗaurin fata a hannu.

Matashin ya zo karɓar bindigarsa ina nan. An samo masa wata sandar ta hannu, kuma kuɗinta ya sa shi yin shiru na ɗan lokaci. Ya tambaya ko zai iya ci gaba da ɗurinsa na da idan ya sayi toshen nan. Dattijon ya ce zai iya, bindigarsa ce. Sannan ya jawo wani kwali, ya ƙirgo maƙali biyu na nasa ɗurin, harsashi goma sha shida, ya ce ya je ya gwada waɗannan tukuna, ya dawo masa da kwanson.