"Ƙara kulorin kawai": shawarar da ke dagula ruwan kwamin ninkaya

Idan ruwan kwamin ninkaya na gidanka ya yi fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa, shawarar da za ka fi ji a bidiyoyin intanet ita ce ka antaya kulorin. Gaskiya ne ƙarancin kulorin na kawo haka. Matsalar shawarar ita ce ta tsallake gwaji.

Ƙarfin kulorin ya dogara ne da pH, wato ma'aunin da ke nuna ko ruwa ya karkata ga tsami ko ga kanwa. A pH 7.5, kusan rabin kulorin ne ke cikin siffar da ke kashe ƙwayoyin cuta da sauri. A pH 8 kuwa, bai wuce kashi ɗaya bisa huɗu ba. Sannan garin kulorin irin mai kalsiyam yana ɗaga pH, yana kuma ƙara kalsiyam. In dama ruwan burtsatsenka mai kalsiyam ne, sai ya rikiɗe ya zama garin alli a cikin ruwan. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan.

Saboda haka fara da gwaji. Ana son pH tsakanin 7.2 da 7.8, kulorin mai aiki kuma miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita. In pH ya haura, sauke shi tukuna da asid ɗin da ake sayarwa don kwami, sannan ka wanke matatar ruwan, musamman lokacin ƙurar hunturu.

Kafin ruwan ya washe, kada kowa ya shiga. In ba ka ganin ƙasan kwamin, yaron da ya nutse ma ba za ka gan shi ba.