Addu'a a Ɗakin Girki: Sharhi a kan Littafin Ɗan'uwa Lorens

Akwai wani ƙaramin littafi da ya daɗe yana yawo a hannun fastoci da ɗaliban tauhidi, sunansa da Turanci The Practice of the Presence of God, wato sabawa da zama a gaban Allah. Ana iya karance shi a zama ɗaya. Saboda ƙanƙantarsa da daɗin maganarsa, da yawa cikinmu mukan ɗauki abin da ke ciki mu kai bagade ba tare da mun auna shi ba.

Sunan mai littafin na yanka Nikolas Herman, mutumin yankin Loren ne, a ƙasar Faransa ta yau. Ya yi soja a Yaƙin Shekara Talatin, ya sami rauni, daga baya ya zama gurgu. A 1640 ya shiga gidan zuhudu na 'yan Karmel a birnin Paris, inda aka sa masa suna Lorens. Ba a naɗa shi limami ba. Aikinsa girki ne, wajen shekara 15, bayan haka ya koma gyaran takalma har ya mutu a 1691. Shi kansa bai shirya littafi ba. Wani limamin Katolika, Joseph de Beaufort, shi ya rubuta hirarraki huɗu da suka yi, ta farko a 1666, ya tattara wasiƙunsa, aka buga bayan mutuwarsa.

Koyarwarsa ɗaya ce tak: mutum ya saba da juyo da zuciyarsa ga Allah a tsakiyar kowane aiki, da gajeruwar magana, da godiya, da saurin furta zunubi, ya yi ƙaramin aiki saboda ƙaunar Allah. Ya ce shi da kansa ba ya son girki, amma a nan ya koyi wannan. A wannan gaɓa littafin magani ne gare mu. A ikkilisiyoyinmu mun fara auna addu'a da ƙarfin lasifika da tsawon addu'ar dare. Mai bi yakan kwana yana ihu ranar Jumma'a, ranar Litinin kuma yana kasuwa da mudu biyu, ɗaya na saye ɗaya na sayarwa. Lorens yana tuna mana cewa Ubangiji ya hore mu game da yawan surutu a addu'a (Matiyu 6:5-8), umarnin Bulus kuwa na yin addu'a ba fasawa (1 Tasalonikawa 5:17) ba zai cika a majami'a kaɗai ba. Matar da ke surfe, da manomi a kan kunya, da ɗan acaɓa, duk suna da rabo a ciki. Fasto da ya koya wa zumuntar mata wannan ya ba su abin da ya fi taron kwana uku.

Amma akwai wurin da ake yawan tuntuɓe. An ruwaito cewa Lorens ya kai matsayin da lokacin aiki da lokacin addu'a ba su da bambanci a wurinsa. Wannan ita ce maganar da ɗalibai suka fi so, kuma mun san dalili: tana sauke wa mai hidima nauyin tashi da asuba. Sai ka ji fasto yana cewa shi kullum cikin addu'a yake, ko a kan babur, alhali ya yi wata bai rufe ƙofa ya durƙusa ba. An manta inda Lorens yake zaune. A gidan 'yan Karmel ƙararrawa ce ke raba yini, ƙa'idarsu kuwa ta ware sa'a biyu kowace rana domin addu'a cikin shiru, ban da sujadar tare. Littafin da kansa ya nuna yana zuwa waɗannan lokatai bisa ga umarnin shugabansa. Ya kuma faɗa cewa shekaru goma na farko wahala ya sha, har ya yi shekaru yana tsammanin shi hallakakke ne. Abin da ya faɗa a tsufansa ke nan muke so mu fara da shi. Hangen Dala ba shiga birni ba. Yesu da kansa yakan tashi da sassafe ya keɓe (Markus 1:35), Daniyel sau uku a rana (Daniyel 6:10), Bitrus da Yahaya suna da sa'ar addu'a (Ayyukan Manzanni 3:1). Mu da ba mu da ƙararrawa, sai wayar hannu da taron kwamiti, mun fi Lorens bukatar tsayayyen lokaci.

Littafin kuma bai cika dogara ga nassi ba. Da ƙyar za ka ga an buɗe wata aya an bi ta. Roƙo domin waɗansu, wanda Bulus ya sa a gaba (1 Timoti 2:1-2), ɗan kaɗan ne a ciki.

Abin da ya fi damunmu yana cikin wasiƙun ƙarshe, waɗanda ya rubuta wa mai ciwo. A can ya ce ba ya roƙon Allah ya ɗauke ciwon, sai dai ya ba da ƙarfin jurewa, har ya ba da shawarar a bar magungunan mutane a sallama wa Allah. Mun yarda tsoho ne mai fama da ciwo yake magana, kuma likitancin zamaninsa ba na yau ba ne. Duk da haka, kada mai hidima ya ɗauki wannan ya shiga da shi gidan da yaro ke kwance da zazzaɓin cizon sauro. Mun riga muna da masu hana mutane zuwa asibiti da sunan bangaskiya, ba ma bukatar mu ƙara musu hujja daga Paris. Yakubu ya ce a kira dattawan ikkilisiya su yi addu'a domin a warke (Yakubu 5:14-15). Bulus ya ba Timoti shawara saboda ciwon cikinsa (1 Timoti 5:23). A Getsamani Ubangijinmu ya fara roƙon a ɗauke ƙoƙon kafin ya miƙa kai ga nufin Uba (Markus 14:36). Lorens ya riƙe rabi na biyu ya saki na farko. Haka ma ba ka jin muryar Zabura 13 ko 88 a littafin, muryar mai kuka yana tambayar Allah har yaushe. Gwauruwar da aka ƙone ƙauyensu tana bukatar ta san cewa irin wannan addu'a ma tana cikin Littafi Mai Tsarki, kuma ba rashin bangaskiya ba ce.

Shawararmu ga masu koyarwa a makarantun Littafi Mai Tsarki ita ce a karanta hirarraki huɗun tare da ɗalibai, a haɗa su da Zabura ɗaya kowace safiya a lokacin da aka tsayar. Wasiƙun da suka shafi ciwo kuma a ajiye su sai darasin ziyarar marasa lafiya, a karanta su da Yakubu sura 5 a buɗe a gefe.