Taimakon Waya a Aikin Gida na Lissafi

A da, ɗalibin da aikin gida na lissafi ya gagara yakan nufi yayansa, ko malamin lesin, ko abokin aji mai ƙoƙari. Yanzu waya ta karɓe wannan aiki. Manhajar Photomath, wadda ta fito daga ƙasar Kuroshiya a 2014 kuma Google ya saye ta a 2023, hoton tambaya kawai ake ɗauka mata ta kawo amsa. Tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022 kuwa, har tambayoyin da aka rubuta da zance ana warware su nan take.

Neman taimako ba aibi ba ne. A ajin da ɗalibai suka yi yawa, malami ɗaya ba zai iya tsayawa kan kowane yaro ba, kuma ba kowane uba ne ya san aljebra ba. Matsalar tana wajen abin da ɗalibi yake nema. Idan aka ba shi 2x + 3 = 11 ya kwafe "x = 4", ya cika littafi amma kansa fanko. Wanda aka nuna masa dalilin cire 3 daga ɓangarorin biyu, sannan a raba da 2, zai iya warware duk tambaya irinta gobe ba tare da kowa ba.

Ranar jarrabawa ake gane bambancin. Ba a shiga zauren WAEC ko NECO da waya, kuma a takardar da ake rubuta aiki dalla-dalla, kowane mataki yana da makinsa. Amsa tsurarta ba ta kawo cikakken maki. Ga shi kuma babu mai samun gurbin karatun likita ko injiniya sai da kiredit a lissafi. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Hanyar da ta dace a bayyane take. Ɗalibi ya fara gwadawa da kansa, ya gano matakin da ya tsaya, ya nemi bayanin wannan matakin kaɗai, sannan ya ajiye waya ya sake aikin daga farko. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna yin kuskure a lissafi, don haka a riƙa mayar da amsa cikin tambaya a tabbatar ta yi daidai. Malamai su riƙa kiran ɗalibi gaban allo ya bayyana yadda ya samo amsarsa, iyaye kuma su duba matakan aikin ’ya’yansu kafin su yaba makin da aka ci.