Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara, Amma Yana Dafa Tuwon Suna



Wata ranar Talata a kasuwar Mafara na iske wata yayata ta zumunci tana cinikin ƙatuwar tukunya, irin mai cinye tiya goma. Ashe akuyarta ta sayar don sunan jikanta. Na ce, "Haba Yaya, tukunyar da za ki ɗora yini ɗaya tak?" Ta ce, "Ke dai bari ƙanwata, na gaji da gorin aro." An yi suna an watse. Yau tukunyar tana kife a bayan rumbu, kaji na ƙwai a gindinta, akuya kuwa ta tafi ke nan.

Abin da ya tuna mini da ita shi ne labarin birnin Berkeley da ke jihar Kalifoniya a Amurka. Tun 1979 laburaren garin yake ba da aron kayan aiki kamar yadda yake ba da aron littafi: guduma, zarto, tsani, shebur da sauransu. Mazaunin gari ya nuna katinsa, a rubuta sunansa da ranar da zai dawo da kaya, ya tafi ya yi aikinsa bai sayi komai ba.

To, mu wannan ai ba baƙon abu ba ne. Wace ce a cikinmu ba a taɓa aikenta ba tana yarinya, "Wai in ji Inna a ba ta aron rariya"? Turmi ɗaya sai ya zaga gida biyar. Iyayenmu ba su da kati, amma suna da amana. Mu ne muka kashe abin da hannunmu.

Laifi na farko na mai aro ne. A ba ki turmi lafiyayye, ki bar shi a rana da ruwa har ya tsage, ki aiko yaro ya ajiye a zaure ko sallama babu. A ba ki dutsen guga, sai ya kwana bakwai, mai shi ta koma tana roƙon kayanta. In ta yi magana ki ce ta cika rowa. Tsakani da Allah, wa ya yi wa wani laifi?

Laifi na biyu namu ne duka: son a gani. Sai uwa ta ci bashi ta cika ɗakin 'yarta da jeren kwanuka da tangaran da ba za a taɓa zuba musu miya ba, alhali amarya ba ta da keken ɗinki ko injin taliya da za ta juya sisi. Muna jin kunyar aro, amma ba ma jin kunyar bashi.

Ku duba ƙasarmu. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, noman shinkafa ya zauna da gindinsa daga Maradun zuwa Mafara har Bakura. Mace mai yin gumi tana buƙatar babbar tukunya da tamfol na shanya, amma ba kullum take ɗorawa ba. Me zai sa mata goma a layi ɗaya kowacce ta sayi nata?

Shawarata ita ce, ba sai mun jira gwamnati ba. 'Yan adashi su ware kwasa ɗaya su sayi tukwanen biki, tamfol da manyan kuloli, a ajiye a gidan dattijuwa mai amana. A sayi littafi da biro: wa ta ɗauka, yaushe za ta dawo da shi. Wadda ta fasa ta biya, ko 'yar uwar adashi ce. Rubutun nan ba rashin yarda ba ne, shi ne zai hana zumunci lalacewa a kan murfin tukunya.

Gaskiya ne kayan aro ba ya rufe katara. Zanen ɗaurawa kam, ki nemi naki. Amma abin da za ki buƙata sau ɗaya a shekara, 'yar'uwa, ki bar akuyarki ta haihu.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, amin.