Saƙon waya ba ya hana famfo ƙonewa

Masu kiwon kifin ado da murjani a tankin gilashi sun rungumi na'urar da ke ƙara ruwa da kanta, kuma ban ga laifinsu ba. Ruwan tanki yana tashi sama kullum ya bar gishirinsa a baya. Ruwan teku yana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita, murjani kuwa ba ya jure wannan ma'auni ya riƙa hawa da sauka. Shi ya sa ake sa na'ura ta tsare matakin ruwan; da ya yi ƙasa sai ƙaramin famfo ya zuƙo tataccen ruwa marar gishiri daga jarka ya cike giɓin.

Abin da ke damuna shi ne yayin da ake ciki yanzu. Hankalin kowa ya koma kan na'urar da ke haɗe da intanet, mai aiko saƙo a waya. Ita jarkar da famfon ke kwance a ciki, ba mai waiwayar ta.

Irin wannan famfo, ruwan da yake turawa shi ke sanyaya shi, shi ke hana farfelarsa gogar sandar da take juyawa a kai. Jarka ta ƙafe, tanki na neman ƙari, na'ura ta ci gaba da ba famfo wuta. Sai ya yi zafi, roba ta lanƙwashe, farfela ta cije. Duk wanda injin rijiyar burtsatse ya taɓa ƙone masa cikin rani ya san labarin. A lokacin mai tankin yana barci ko yana kan hanya, saƙon na zaune a wayarsa.

Wasu za su ce ai akwai agogon kariya. Gaskiya ne: Osmolator 3155 na kamfanin Tunze na Jamus yana katse famfo idan ya yi minti 10 yana aiki, kuma wannan dabara ce mai kyau. Sai dai agogo ba ya ganin cikin jarka, lokaci kawai yake ƙirgawa. Kuma a na'urori da dama, cire wuta da mayar da ita ne ke share gargaɗin. A garin da ake yawan ɗauke wuta, duk dawowarta sabon zagayen juyi ne a bushe. Ga hunturu, da busasshiyar iska ke shanye jarka da wuri fiye da yadda aka saba.

Ni dai a ganina, kafin a sayi komai mai manhaja, a fara ɗaura makunni mai tasowa da ruwa a ƙasan jarka, ɗan sama da bakin famfo, yadda da ruwa ya sauka zai yanke wutar nan take, ba sai an tambayi kowa ba. A bi da shi ta layin wuta marar ƙarfi, kamar bolt 12, kada a ratsa wutar gida ta cikinsa. A riƙa wanke shi, musamman in ana zuba farar ƙasa a ruwan don murjani, domin tana daskarewa ta maƙale shi. Wanda kuma yake da hali ya sayi famfon da ke matsa tiyo yana tura ruwa. Wannan ko jarka ta ƙafe ba ya lalacewa da wuri, illa iyaka tiyon zai buƙaci canji lokaci-lokaci.