"Cut!" a Baki, Almakashi a Aljihu

Babu kalmar Turanci da ta samu gindin zama a masana'antar finafinan Hausa kamar "cut". Daraktan da ko gaisuwa bai iya da Turanci ba ya iya ta. Yaran unguwa masu taruwa kallon ɗaukar fim ma sun haddace ta, ka ji suna ta "Kat! Kat!" a lungu. To amma mai karatu, in har haka muke son yanka, me ya sa finafinanmu suke da tsawon da ba gaira ba dalili?

A ganina matsalar ta faro ne tun daga kalmomin da muke aiki da su. Bature yana da kalmomi da yawa na rage abu, kuma a sana'ar fim da ta littafi kowacce da gurbinta. "Cut" ita ce yankewa: darakta ya tsayar da kyamara, ko edita ya yanke hoto ya haɗa shi da wani. "Trim" datse gefe ce, kamar yadda wanzami ke gyaran fuska bayan aski. Daƙiƙa biyu a farkon fitowa, uku a ƙarshenta. "Edit" ta fi su faɗi, domin ita ce zaɓe da jerawa har labari ya tsaya da ƙafarsa. "Abridge" ta littafi ce, wato a taƙaita shi domin ɗalibai ba tare da an karya ƙashin bayan labarin ba. Sai kuma "censor", wadda aikin hukuma ce: ta ce kaza ba zai fita ba, ko yana da kyau ko ba shi da shi.

Mu fa? Ka duba sunayen ma'aikata a ƙarshen fim, za ka ga "Tacewa: Wane". Ka kuma duba sunan hukumar da gwamnatin Kano ta kafa a 2001: Hukumar Tace Finafinai. Kalma ɗaya, aiki biyu da ba su haɗa hanya ba. Shi ya sa da ka ce wa ɗan fim a cire wata fitowa sai ya haɗe rai, kamar an yanke masa hukunci. A kunnensa tacewa na nufin an kama shi da laifi. Alhali shi edita ba ɗan sanda ba ne, abokin aikin darakta ne.

Ga misali daga fim ɗin da kusan duk Bahaushe mai kallo ya sani, wato Sholay na 1975. An sa masa almakashi iri biyu. Na farko na hukuma ne. Darakta Ramesh Sippy ya ɗauki ƙarshen fim ɗin inda Thakur ya kashe Gabbar, amma hukumar tace finafinai ta Indiya ta ƙi, lokacin ƙasar tana ƙarƙashin dokar ta-ɓaci ta Indira Gandhi. Dole aka sake ɗauka, 'yan sanda suka iso suka kama Gabbar. A 2025, shekara 50 ke nan, aka nuna gyararren fim ɗin da ƙarshensa na asali a wani bikin finafinai a Bologna ta ƙasar Italiya. Almakashi na biyu na edita ne, M. S. Shinde. Fim ne mai cin sama da awa uku, amma wa ya taɓa yin gyangyaɗi a kansa? Kuma kyautar Filmfare guda ɗaya tak da Sholay ya ci a wancan karon, ta Shinde ce. Ka ga ashe tsawo ba shi ne laifi ba. Laifin shi ne tsawon da babu komai a cikinsa.

Yanzu dawo gida. Alhaji zai dawo daga ofis. Sai an nuna motarsa a titi, ta sha kwana, ta yi hon, maigadi ya taso da gudu, ya buɗe get, ta shiga, ya rufe, Alhaji ya fito, ya gyara babbar riga, ya taka har falo. Haba jama'a! Minti uku sun tafi, abin da aka faɗa mana kawai shi ne Alhaji yana da mota. Daga nan a shiga gaisuwa tun daga gajiya har zuwa mutan gida, sannan Hajiya ta kwashe labarin abin da muka gani da idonmu ta sake ba shi daga farko. Ba sai na kama suna ba, wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Ba a rasa dalili ba. Tun bayan Turmin Danya na 1990, kasuwar kaset ce ta raini wannan sana'a, kuma a Ƙofar Wambai kaset biyu sun fi ɗaya kawo kuɗi. Sai labarin awa ɗaya da rabi ya koma na 1 da na 2, wani lokaci har da na 3, a cike giɓin da waƙoƙi. Kaset ya mutu, halin bai mutu ba. Ya koma finafinai masu dogon zango a YouTube, inda yawan mintunan kallo da talla ke kawo taro da sisi. Marubutanmu ma ba su tsira ba: shafi biyu kan leshin da jaruma ta saka da turaren da ta fesa, labari yana tsaye yana jira. Ka tuna Ruwan Bagaja da Shaihu Umar, waɗanda suka fito daga gasar 1933. 'Yan siraran littattafai ne, amma har gobe ana karanta su.

Kada a fahimce ni a baibai. Gaisuwa al'adarmu ce, kuma akwai inda ita ce labarin kansa: surukin da ya amsa gaisuwa a daƙile ya gama faɗa mana auren nan da matsala. Irin wannan ba a taɓa ta. Ma'aunin guda ne: in an cire, labarin ya yi asara? In bai yi ba, to dusa ce.

Shawarata ita ce mu bar wa hukuma kalmar "tacewa". Hausa ba ta talauce ba, muna da datsewa, taƙaitawa, tsakurowa, tankaɗe da rairaya. Sannan furodusa ya daina ɗaukar edita a matsayin yaron kwamfuta mai jona hotuna. A ba shi rubutaccen labarin tun kafin a fita lokeshin, a biya shi da daraja, a kuma ba shi ikon ya dubi darakta ya ce, "Yallaɓai, fitowar nan ta yi kyau, amma ba ta da aiki." Ciwo ne ka zubar da abin da ka sha rana ka ɗauka, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In ba mu yanke da hannunmu ba, mai kallo zai yanke da nasa, domin a wayarsa yatsa ɗaya ya ishe shi ya tsallake mu.